'Yan Hayar Akwatin Malam

Ni ce mai ciwo a gidanmu. Suga da hawan jini sun daɗe tare da ni, daga baya yanar ido ta rufe mini gani, har ya zama fuskar mutum sai ya matso kusa nake shaida ta. Malam kuwa ko ciwon kai bai cika yi ba. Duk wanda ya san mu a Gyadi-Gyadi ya ɗauka shi zai raka ni makabarta. Ni ma haka na ɗauka, shi ma haka. Sai ga shi ya dawo daga sallar la'asar ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a samo adaidaita sahu daga bakin titi ya cika. Har yanzu in na zo nan a labarin sai na tsaya. Mai rubuta mini ta saba, takan ajiye biro ta jira ni.

Malam ma'aikacin wayar tarho ne tun zamanin da waya take da igiya, ana hawa turke a gyara ta. Da ya yi ritaya bai iya zaman majalisa ba. Ya sayi tsohuwar kwamfuta ya zauna da ita a falo yana koya wa kansa, gilashi a kan hanci, yana faɗa da ita kamar mutum. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakar abin sallah na samu, don haka ban cika tambayarsa abin da yake yi ba.

Wata rana na sha maganin safe, na shiga aikin gida, na manta na sha, na koma na ƙara. A bakin famfo aka tsince ni. Da aka sallamo ni daga asibiti Malam bai yi mini faɗa ba, ƙere-ƙere ya shiga. Abin da ya fito da shi wani ɗan akwati ne da bai fi kwanon sha ba, da lasifika a gefe, zaune a kan 'yar durowa mai hawa biyu. Ya naɗi muryarsa ya zuba a ciki. Da safe akwatin zai ce, “Hajiya, na safe ya yi. Durowar sama.” In na buɗe na ɗauka ya ce, “Madalla, Allah Ya ƙara lafiya.” In na manta na sake buɗewa ya ce, “Kin riga kin sha, Hajiya. Rufe.” Da yamma ma haka, durowar ƙasa. Yana faɗin lokutan sallah, yana sanarwa in tankin ruwa ya cika. Tun da ya zo gidan ban sake faɗuwa ba.

Sau ɗaya Malam ya yi mini bayaninsa, da misalin da ya san zan gane, tunda ni nake hulɗa da 'yan hayar gidanmu. Ya ce akwatin gida ne, kowane aiki kuma ɗan haya ne da ɗakinsa. Ga mai magani, ga mai sallah, ga mai tanki, ga mai agogo, ga kuma mai baki, wanda duk sauran bakinsa suke ara in za su yi magana. Ana iya shigo da sabo ko a fitar da tsoho ba sai an rushe gida ba.

Na ce, “Su ma suna faɗa a kan igiyar shanya?”

Ya ce, “Sun fi naki faɗa.”

Ya haɗa shi da wani babban batir a ƙarƙashin tebur, saboda haka ko an ɗauke wuta akwatin ba ya mutuwa. Jefi-jefi, in wutar ta daɗe ba ta dawo ba har batirin ya ƙare, nakan ga Malam ya ja kujera bayan an kawo ta, ya buɗe kwamfuta, ya yi ta danne-danne har muryar ta dawo. In na yi magana ya ce, “Bari, ina shigo da 'yan haya.” Na ɗauka wasansa ne na tsufa.

Da aka zauna makoki mata suka cika falon, na Unguwa Uku, na Tarauni, da danginmu na ƙauye. Kowacce da wayarta, kowacce tana jiran kiran masu neman kwatancen gida. Wuta babu. Soket ɗaya ne mai rai a gidan, na batirin Malam. Wata ta zare filogin akwatin ta sa cajarta, ta cire wata ta sa, har batirin ya ƙare. Ban san wadda ta fara ba, ban kuma neme ta ba. Da ni ce na je gidan wani makoki da waya a mace, abin da zan yi ke nan. Ni a lokacin ban ma san an yi ba, ban san safe ba ban san yamma ba, 'ya'yana mata ne suke sa mini ƙwaya a baki.

Da jama'a suka watse, 'yan matan suka koma gidajen aurensu a garuruwa masu nisa, aka mayar da filogi. 'Yar fitilarsa ta kama. Na zauna a gabansa da safe ina jira ya kira ni. Bai ce komai ba. A ranar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Malam.

Ɗan farina, wanda bakina ba ya faɗin sunansa, nas ne a asibitin koyarwa, yana zaune da iyalinsa a Darmanawa. Shi ya ɗauki ba ni magani, safe da yamma, ko ya kwana a wurin aiki. Ina jin gajiyar a muryarsa. Ya kai akwatin kasuwar waya, suka duba suka ce babu abin da ya ƙone, abin da ke ciki kuwa sai wanda ya haɗa. Da ya dawo da shi ya zauna a bakin ƙofa ya ce,

“Inna, ranar da kika fita takaba za mu tafi Darmanawa. Na sa an gyara miki ɗaki.”

“A saman benen?”

“Hawa ɗaya ne kawai.”

“Hawa ɗaya da ƙofar ƙarfe da maigadi. Wa zai leƙo ya ce mini sannu? Tantabara?”

“Jikokinki mana.”

“Suna makaranta. Kai kana asibiti, matarka tana ofis.”

“Inna, ni na karɓe ki a kan gadon ɗaukar marasa lafiya wancan karon. Ba zan sake ba. Ba zan bar ki ke kaɗai da ƙwayoyi ba kya ganinsu ba.”

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma gidan nan aka kawo ni tun bayanmu gonaki ne. Ƙafata ta san inda dakali yake, hannuna ya san inda ƙusar rataye buta take. A nan ina girkina, ina zuwa banɗaki, ina fita zaure na amsa sallama, ba mai riƙe mini hannu. A gidansa makauniya zan zama, a zaunar da ni a kawo mini.

Na ce, “In akwatin ya dawo fa?”

Ya ce, “In ya dawo, aka ɗauke wuta aka kawo ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa shi, sai mu yi magana. Amma Inna, kada ki sa rai.”

Na sa rai. Mai takaba ba ta yawo, ba na kuma son a shigo mini da baƙon namiji falo ina cikin wannan hali. Wadda ta rage ita ce Malama, 'yar hayarmu ta ciki da falon kusa da zaure. 'Yar Kudancin Kaduna ce, ta manyanta, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Tarauni, tana kuma rubuta wa mutane manhaja. Ta daɗe a gidan har ta zama ta gida. Ita da Malam sukan tsaya a zaure suna gardamar da ba mai ganewa sai su. Kwanakin makoki ita take tashi da sassafe ta dama wa baƙi kunu.

Ranar Lahadi da ta dawo daga coci na aika aka kira ta. Na ce, “Malama, ko dai ki tayar mini da akwatin nan, ko ki nemi sabuwar mai gida.”

Ta ce, “Mama, wannan ai barazana ce. Bari in cire ɗankwalin nan tukuna.”

Ta buɗe kwamfutar Malam. Ina ta jin ƙarar yatsunta. Can ta ce, “Duk suna nan, Mama. 'Yan hayar suna cikin kwamfuta, muryar Baba ma tana nan, babu abin da ya ɓata. Gidan ne babu kowa.” Ta haɗa igiya tsakaninsu ta shiga tura su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a kan tabarma sai na ji, “Salamu alaikum, Hajiya.” Na amsa masa kafin in tuna. Malama ta bar ni na yi kukana. Ita ma na ji tana jan hanci, ta ce wai mura ce.

Da na natsu ta ce, “Kada ki yi murna tukuna.” Ta zare filogi, ta jira, ta mayar. Fitila ta kama. Shiru.

Ta sake duƙufa. Da ta gano, dariya ta fara yi, irin wadda ba ta daɗi ba. “Kai Baba! Mama, shi ya ba akwatin umarni. Ya ce duk lokacin da akwatin ya farka, ya share gidan tas, ya kori kowa, ya jira a shigo da su da hannu.”

“Don me zai yi haka?”

“Saboda kullum cikin canza su yake. Yau ya gyara mai tanki, gobe ya gyara mai sallah. Ba ya son ragowar na jiya ya gauraya da na yau ya ruɗa shi. Masu wannan aikin suna yin haka lokacin gwaji, in sun gama sai su cire umarnin.”

Na gane shi a cikin maganar. Malam ba ya fara aiki a kan teburin da ke da guntun wayar jiya, sai ya share ya goge ya jera kayansa sabo. Kuma ban taɓa jin ya ce ya gama wani abu ba. Ya bar sharar ne don yana nan, kujerarsa tana nan, shigo da su kuma yana yi masa daɗi. Bai yi tunanin ranar da zan zauna a gaban akwatin ni kaɗai ba, domin a lissafinsa ni zan riga shi.

Malama ta cire umarnin sharar, ta sake shigo da su, ta zare, ta mayar. Shiru dai. Ta ce, “Yau kam ya ishe mu, ina da takardun ɗalibai da zan duba.” Na ce ta tafi, amma gobe ina nan. Ta ce, “Ina kuwa za ki, Mama?”

Daga nan kusan kullum in ta taso daga makaranta sai ta biyo ta falona da jakarta, ko ruwa ba ta sha ba. Wata rana a ci gaba, wata rana ta zauna ta tashi ba a samu komai ba. Ta gano cewa wurin da gidan yake ajiye sanin waɗanda ke cikinsa wuri ne da yake gogewa da zarar wuta ta yanke, kamar zane a kan rairayi. Ta mayar da ajiyar kan wani ɗan kati da ke cikin akwatin, wanda yake riƙe abu ko babu wuta. Ta ce ba sanin wa ke ciki kaɗai zai riƙe ba, har da halin da aka bar kowa, mai aiki da wanda aka dakatar, da abin da kowa ya adana a ɗakinsa. Mai magani zai tuna na sha ko ban sha ba ko da an ɗauke wuta a tsakani.

Aka gwada. Wannan karon ya farka, amma a hargitse. Tanki ya yi magana, sallah ta yi, magani bai yi ba. Ta ce duk sun tashi lokaci guda ne suna rububi, mai magani ya riga mai baki tashi, ya nemi bakin da zai ara bai samu ba, ya koma ya zauna. Ta tambaye ni me nake fara ji in Malam yana shigo da su. Na ce kullum sallama ce farko, sannan ya faɗi ƙarfe nawa, sauran su biyo baya. Ta jera su a haka, mai baki, mai agogo, sannan kowa.

Ranar da ya tashi cikakke da kansa na ce ta koya mini zare filogin. Ta ce ba sai na taɓa wuta ba. Na ce in ban zare da hannuna ba ba zan yarda ba. Ta kama hannuna ta kai, na lalubo, na zare, na ƙirga tasbihi kaɗan, na mayar. Sallama ta zo. Daga ranar na zame wa akwatin nan masifa. In na idar da walaha in zare, in na gama wanke-wanke in zare. Malama tana jiyo sallamar daga ɗakinta ta ɗaga murya, “Mama, ki bar bawan Allahn nan ya huta!”

Akwai wani ɗan haya da na manta da shi sai da Juma'a ta zagayo. Malam ya yi wa kansa nasa mai tuni, kuma da kansa yake magana ba ladabi. Ina shara sai na ji, “Kai tsoho, Juma'a ce. Tashi ka je aski, ka biya ka karɓo wa Hajiya magani.” Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Wannan ban iya ba. Wanda ake kira babu shi, kuma kowace Juma'a za a kira shi a gabana.

Malama ta nuna mini wani maɓalli a saman akwatin, wanda Malam ya manna wa ƙwayar wake don a ji shi da yatsa. Ta ce in ɗan haya yana magana aka danna, zai koma ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ba korarsa aka yi ba, yana nan, shiru kawai zai yi. Ta sa shi ya maimaita, na danna da kaina a tsakiyar maganar. Muka zare muka mayar, bai sake fitowa ba. Ta ce, “Kin gani, yanzu yana riƙe abin da aka ce masa.”

Duk wannan lokaci ɗana yana zuwa yana ba ni magani kamar kullum. Yana ganin fitilar akwatin, yana jin labari, amma ba ya tsayawa har ya yi magana. Ya ce ranar fita takaba zai gwada da kansa.

Ranar ta zo. Na yi wanka, na cire kayan da na zauna da su, na sa atamfar da ke ƙasan adaka. Tana ƙamshin turaren da Malam yake sayo mini. Ina ɗaura ɗankwali akwatin ya kira ni. Na buɗe durowar sama na ɗauka na haɗiye. Ya fara cewa, “Madalla, Allah Ya ƙara...” Ban bari ya ƙarasa ba. Ga ni na yi kwalliya, ga muryarsa tana yi mini addu'a, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Na kai hannu na danna waken, na kifa kaina a kan teburin. A raina na ce ai yanzu ba ya mantuwa, da an zare an mayar zai dawo. Na manta mai kiran aski bai dawo ba.

Bayan azahar ɗana ya zo. Malama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya zare filogin da kansa, ya cire har wayar batirin, ya jira fiye da yadda muke jira, sannan ya mayar. Sallamar mahaifinsa ta cika falon. Na ji numfashinsa ya canza, ya yi gyaran murya. Aka faɗi lokaci. Ya ce, “Kin sha na safe?” Na ce na sha. Ya ce, “To bari in buɗe durowar in ji abin da zai ce.” Ya buɗe. Shiru. Ya rufe ya sake buɗewa. Shiru.

“Inna, kin gani. Sallama ya iya. Abin da zai kashe ki kuwa bai ce komai a kai ba.”

Malama ta ce a ba ta wuri. Ta duba ta ce, “Mai magani yana nan, ba a kore shi ba. Dakatar da shi aka yi, gidan kuma ya riƙe. Wa ya taɓa waken?”

Na ce ni ce, da safe.

Ɗana ya ce, “To wannan ya fi muni. Da injin ne ya lalace sai a gyara. Ke kike kashe shi da hannunki. Gobe in kuka ya zo miki fa? Jibi fa?”

Na ce, “Zai zo. Ba zan ce maka ba zai zo ba. Mijina ne.”

“Shi ya sa na ce ki tashi mu tafi.”

“Zauna tukuna. Tun da ka shigo a tsaye kake kamar mai karɓar haraji.”

Ya zauna. Na juya wajen da nake ganin inuwar Malama na ce, “Ke da kika san halinsu, ba ya bambancewa? Abin da na yi da hankalina ya riƙe, abin da na yi cikin kuka ya bar shi ya wuce?”

Ta ce, “Kuka kam ba ya gani, Mama. Amma dakatarwa iri biyu ce. Akwai wadda ake rubutawa a ajiya, ko an farka tana nan. Akwai wadda ba a rubutawa, ta yanzu-yanzu ce, da an farka ta tafi. Baba ya ɗora waken a kan ta farko don a lokacinsa duk ɗaya ne, komai sharewa ake yi. Zan iya mayar da mai magani kan ta biyu.”

Ɗana ya ce, “In ba a farka ba fa? Batirin nan yakan riƙe shi mako da makonni. Ta danna yau, ya yi shiru har yaushe?”

Malama ta ce, “Likita ya yi tambaya.” Haka take kiransa in tana son tsokanarsa. “Sai in sa mai agogo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa in lokacin sha na gaba ya yi. Ta danna da safe, da yamma ya fito ko tana so ko ba ta so.”

Ya ce, “Ko a cire muryar Baba gaba ɗaya a sa tawa. Ni ba za ta yi kuka don ta ji ni ba.”

“Haushi zan ji,” na ce. Malama ta yi dariya, shi bai yi ba. Na ce, “Ka bar mini muryarsa. In ta yi mini nauyi na rufe ta na yini guda, ta dawo. Amma ita ce ta saba da ni, ni ma da ita na saba. Mai kiran aski kuwa a bar shi a rufe yadda na rufe shi, wannan da hankalina na yi.”

Malama ta zauna a kujerar Malam ta fara aiki. Muka yi la'asar, ita tana nan. Na ɗora ruwan shayi don ya ga ina iyawa, na kawo masa har inda yake ban zubar ba. Ya karɓa ya sha.

Da ta gama ta ce a gwada, kuma ni zan yi komai. Ta tayar da mai magani ta sa shi ya yi kira. Yana cikin magana na danna waken, ya yi shiru. Na lalubo filogi na zare, ɗana ya cire wayar batir. Aka mayar. Sallama, lokaci. Na buɗe durowar sama, ya ce na riga na sha, in rufe. Ɗana ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a danna waken a bar shi ba a zare ba, a jira lokacin na yamma. Muka zauna mu uku muna jira, ana ta hon a titi, yaran maƙwabta suna ƙwallo a lungu. Lokacin yana yi akwatin ya kira ni, durowar ƙasa.

Ɗana ya juya ya ce wa Malama, “Za a iya ƙara wani? Wanda in lokaci ya wuce ba ta buɗe durowa ba zai turo mini saƙo a waya?”

Ta ce, “Sabon ɗan haya? Akwai ɗaki. Amma sai ka tambayi mai gida.”

Na ce, “Ɗan sandan ciki za ku sa mini ke nan.”

Ya ce, “E. Da shi, ko Darmanawa.”

Na ce a shigo da shi.

Ina nan Gyadi-Gyadi. Ɗana yana zuwa ƙarshen mako ya zuba ƙwayoyi a durowa, ya ci tuwo, ya yi mini mitar gishiri. Kewar Malam ba ta ragu ba, kuma ban ce wa kowa ta ragu ba. Akwai safiyar da nake danna waken tun bai gama kiran sunana ba, in zauna in yi kukana, in sha magani a cikin shiru. Irin wannan ranar, tunda mai magani yana rufe, akwatin bai san na buɗe ba, don haka ba a jimawa waya ta yi ƙara.

“Inna, durowa.”

“Na sha.”

“Bai gaya mini ba.”

“Ni na gaya maka. Kada ka taso, aikinka za ka yi. Da yamma zai gaya maka da kansa.”